Wasiƙar Godiya Ga Garejin Da Ya Shirya Mini Motar Doguwar Tafiya

Assalamu alaikum Oga, tare da dukkan ma'aikatanka.

Na rubuto wannan wasiƙa a fili, inda kowa zai gani, domin godiyar da na yi muku baki da baki ranar da na karɓi mota ba ta gamsar da ni ba. A ranar ido ne kawai ya ga aikinku, hanya ba ta gwada shi ba tukuna. Yanzu kuwa mun je mun dawo, kwana goma sha tara, mafi yawansu babu kwalta, ga yashi, ga duwatsu, ga ruwa, kuma ni da maiɗakina da yaranmu biyu mun dawo lafiya ƙalau a cikin motar da kuka shirya. Yabon gwani ya zama dole.

Za ka tuna yadda na zo muku. Na shigo da farar jif ɗina mai ja da ƙafa huɗu, riƙe da takarda cike da abubuwan da na daɗe ina gani a hotuna: bambar ƙarfe gaba da baya, tanti a saman rufi, manyan tayoyin laka, safaya biyu, fitilu jere, da ɗaga mota har inci huɗu. Duk wannan kaya kuna da shi a shago, ina ganinsa a kan kanta. Da kun ga dama, a ranar za ku rubuta mini rasit ku fara ɗaurawa, ni kuma in tafi ina murna. Amma ka karɓi takardar, ka karanta, ka kife ta a kan tebur, ka ce, "Alhaji, bari mu fara da tafiyar tukuna, kaya ya biyo baya." Ka tambaye ni mutum nawa ne, kwana nawa, wace irin ƙasa za mu taka, da rani ne ko da damina, tazarar da ke tsakanin gidan mai da gidan mai mafi tsawo nawa ce, kuma mu kaɗai ne ko da wata mota a tare. Kusan awa biyu muna wannan magana, ba a taɓa sifana ba.

Sai ka ce a cika tanki, a kai motar sikeli. Wannan ne abin da ya canza komai, kuma shi ne babban dalilin wannan wasiƙa. Ka buɗe ƙofar direba ka nuna mini ɗan allon da ke manne a jikin ginshiƙi, wanda shekara da shekaru ina shiga ina fita ban taɓa karanta shi ba. Ka ce wannan lamba ita ce iyakar nauyin da kamfani ya amince motar ta kai, da ita kanta, da mutane, da mai, da kaya baki ɗaya. Tawa kilo 2,900 ce. Sikeli kuma ya nuna 2,280 da cikakken tanki, babu kowa a ciki. Saura 620 ke nan. Ka ɗauki biro ka fara ragewa: mu huɗu kilo 260, bambar gaba da winci (injin jan mota da igiya) kusan 95, kariyar ɗora kaya a rufi da tantin sama 100, bambar baya da safaya biyu 110, akwatunan katako 70, a haka a haka har firji da batir da jarkoki. Ka tuna mini cewa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, ta dizal kuma ta ɗan haura gram 800. Da ka ja layi, jimillar ta kai 955. Na zarce iyaka da kilo 335 tun ban saka jakar tufafi ko ɗaya ba.

Shiru na yi. Kai kuma ba ka yi mini gori ba, ka dai bayyana mini inda wannan nauyi yake fita: birki ya yi zafi a gangare ya daina kamawa da kyau, boris ya ci, sifirin ya kwanta, taya ta yi zafi ta fashe, shasi ma yana iya tsagewa a hanya mai gargada. Ka ƙara da cewa kamfanin inshora na iya ƙin biya idan aka yi hatsari da motar da ta wuce nauyinta, don haka in sanar da su duk gyaran da za a yi, in kuma duba dokar kowace ƙasa da zan ratsa game da ɗaga mota da girman taya. Na san 'yan kasuwa da yawa, amma ba kullum ake samun wanda zai zauna da hannunsa ya soke rabin cinikin da ya zo masa har ƙofa ba.

Kafin a ƙara komai sai da kuka duba lafiyar motar yadda take. Ina tsaye babban bakanikenku ya kwanta a ƙarƙashi da tocila a baki, ya kira ni in sunkuyo, ya nuna mini wata 'yar jiƙa a bayan ƙafar hagu inda man difa (akwatin da ke raba ƙarfin injin zuwa ƙafafu) ke tsattsafowa. Ya matsa tiyon lagireto da yatsu biyu, ya yi laushi kamar tsumma. Kuka canza tiyo da fambel da boris, kuka zuba sabon man birki, man giya da na difa, kuka wanke lagireto. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke fitowa a hoto. Amma a tsakiyar daji, da zafin rana, injin na aiki a ƙaramar giya awa bayan awa, ban ga allurar zafi ta motsa daga inda take ba.

Maganar taya ce ta fi ɗaukar mu lokaci, don a nan na fi kafewa. Ni tayar laka nake so, mai manyan haƙora. Ka ce tana da kyau a taɓo, amma tana da ƙara a kwalta, tana ƙara shan mai, ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta sosai, kuma a yashi takan tona rami ta binne kanta. Ka ba ni shawarar taya mai dacewa da kowace irin hanya, mai ƙarfin gefe, wadda aka ƙera don ɗaukar kaya. Girma kuma mataki ɗaya kacal kuka ƙara, daga 265/65 R17 zuwa 265/70 R17. Ka lissafa mini a takarda: tsayin taya ya tashi daga milimita 776 zuwa kusan 803, wato cikin mota ya ɗagu da milimita 13, maleji kuma zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudu da kashi uku da ɗoriya cikin ɗari, don haka in kula. A nan ne na koyi abin da ban taɓa sani ba, cewa ɗaga sifirin ba ya ɗaga difar baya daga ƙasa ko da ɗan yatsa, tunda tana jikin aksul ne, taya ce kaɗai ke ɗaga ta. Ka kuma faɗi wani abu da na riƙe: girman taya da ake samu ko'ina ya fi wanda ya fi kyau amma sai an yi oda, domin ranar da ta yage a nesa, abin da ke kusa da kai shi ne naka.

Ɗagawa kuwa inci biyu kuka yi, milimita 50, ba huɗu ba. Ka ce fiye da haka shaf ɗin ƙafafun gaba zai riƙa aiki a karkace, robarsa ta yage, ya ci da wuri, motar kuma ta ƙara saurin kifewa a gefen tudu. Abin da ya burge ni shi ne ba ku zaɓi sifirin da shokazoba ba sai da aka gama sanin nauyin da zai zauna gaba da baya. Wasu da su suke farawa, daga baya su ɗora ƙarfe, mota ta duƙa da hanci.

Tantin sama ne na fi jin zafin rabuwa da shi, ba zan ɓoye ba, yara ma sun sa rai. Ka nuna mini a littafin mota iyakar abin da rufi zai ɗauka idan ana tafiya, ka ce nauyin kariyar kanta yana ciki, kuma duk kilon da ya hau sama yana jan mota zuwa gefe a kwana. Muka koma tantin ƙasa. A sama babu komai sai shimfiɗu da allunan fitar da mota daga yashi. Ƙarin man kuma, maimakon jarkoki, kuka sa ƙaramin tanki na lita 60 a ƙarƙashi, ruwan sha da kayan aiki suka zauna ƙasa a tsakanin aksul biyu, kuka ɗaura ragar ƙarfe a bayan kujerar yara don kada wani abu ya taso musu idan an taka birki da ƙarfi. Maiɗakina ta ce in gode muku musamman a kan wannan raga.

Dole in ambaci yaron nan mai aikin waya. Ƙarami ne a shekaru, amma hannunsa na manya ne. Ya haɗa batir na biyu da na'urar caji ta daban, yadda firji zai kwana yana aiki ba tare da ya taɓa batirin tayar da mota ba. Kowace waya ya sa mata fiyus kusa da batir, ya tura ta cikin bututun roba inda za ta ratsa ƙarfe, ya liƙa mata suna. Ya zana mini taswirar wayoyin a takarda ya sa a leda cikin akwatin gaba. A kwana na goma sha ɗaya firji ya ɗauke da dare. Na buɗe takardarsa, na bi layi da tocila, cikin minti biyar na gano fiyus ɗin, na canza da wanda ya ajiye mini. Oga, ka riƙe yaron nan da kyau.

Winci kun sa, amma a ɓoye cikin bambar asali, da igiyar roba maimakon ta ƙarfe, don ta fi sauƙi kuma ba ta dukan mutum da irin wannan ƙarfi idan ta tsinke. Ka ce ƙa'idar da ake bi ita ce ƙarfinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na cikakken nauyin mota, shi ya sa kuka zaɓi mai jan kilo 4,500. Kuka ɗaura ƙugiyoyin ja a jikin shasi, gaba da baya, da farantan ƙarfe a ƙarƙashin injin da giya. Sau ɗaya na ji dutse ya bugi farantin nan, ƙarar har cikin haƙorana. Na sauka na leƙa, ƙarfen ya lotsa, kaskon mai kuwa ko ƙwarzane babu.

Bututun shaƙar iska ma kun sa, amma tare da gargaɗi. Ka ce kada in ɗauka motar ta zama jirgin ruwa, babban amfaninsa a gare ni shi ne ɗebo iska daga sama inda ƙura ba ta da yawa. Kuka ja bututun numfashin difa da na giya zuwa sama cikin bonet, ka bayyana mini cewa difa mai zafi idan ta faɗa ruwan sanyi iskar cikinta takan tsuke ta zuƙo ruwa, mai ya koma kamar madara. Ka ce in tsaya mota ta huce, in shiga ruwan da ƙafa in auna shi kafin in sa taya. Haka na yi a rafi biyun da muka tsallake.

Sai ranar Asabar ɗin nan da ka rufe gareji da wuri ka fita da ni fili. Wannan ba ya cikin aikin da muka yi yarjejeniya a kai. Ka sa na kafe motar a yashi da gangan, ka hana ni taka totur, ka ce in sauka in rage iskar taya zuwa PSI 16 a ma'aunin iska. Ina kallo tayar ta baje ƙasa, na shiga na sa ƙaramar giya, motar ta fito a hankali kamar ba ita ce ta nutse ba. Ka sa na mayar da iska da kwamfaresa da kaina, ka ce kada in kuskura in yi gudu a kwalta da taya mai laushi. Ka koya mini faci da hannuna har sau uku. Sannan ka kama ƙwallon jan tirela da ke bayan wata mota, ka dube ni, ka ce, "Wannan ko da wasa kada ka rataya masa igiyar fizga. Idan ya karye, harsashi ne."

Wannan magana ta yi rana. A kwana na goma sha huɗu muka tarar da wasu bayin Allah motarsu ta nutse a taɓo har ƙofa, sun riga sun rataya igiya a ƙwallon bayan, suna jiran mai ja. Na roƙe su suka cire, muka nemi wurin ɗauri mai ƙarfi a shasi, na matsar da kowa nesa, na ɗora bargo a kan igiya kamar yadda ka nuna mini, muka jawo su da winci sannu a hankali. Dattijon cikinsu ya riƙe hannuna yana ta sa albarka. Na ce masa albarkar ta wuce ni, akwai mai ita.

Ranar da za mu tashi mun sake hawa sikeli da komai da kowa a ciki, kamar yadda ka nace. Ya nuna 2,860. Na turo maka hoton lambar, ka amsa da kalma biyu, "Allah kiyaye." Bayan mun dawo kuma, tun ban kira ba aka kira ni daga gareji, aka ce in kawo mota a sake ɗaure notuna a duba man difa. Aka buɗe, man yana nan garau.

Oga, na gode. Na gode wa babban bakanike, da mai walda da ya yi ƙugiyoyin nan, da yaron waya, da wanda ya yi ta kai da kawowa sikeli bai taɓa ɓata rai ba. Allah Ya sa albarka a sana'arku, Ya tsare hannuwanku, Ya ƙara muku abokan ciniki na gari. Takardata ta farko tana nan wurinka, na ga ka maƙale ta a allo. Ka bar ta a nan. Wata mai zuwa ƙanena zai kawo tasa motar, kuma na riga na ce masa ya zo da tanki cike.

Naku da girmamawa,
Mai farar jif ɗin nan da kuka kai sikeli sau biyu.