Mai Shirin Zuwa Nutso a Tsibiri, Ya Fara Lissafi Daga Ranar Dawowa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi tsokaci kan hotunan tsibirai da kuka jera a shafin yawon buɗe ido kwanakin baya. Hotuna kam sun yi kyau: farin yashi, ruwa garau, ga wani bawan Allah goye da tukunyar iska yana shawagi kusa da kunkurun teku. Sai dai bayanin da ke ƙarƙashinsu bai wuce otal da jirgi da biza ba. Ni na taɓa yin irin wannan tafiya, kuma abin da ya fi wahalar da ni babu shi a cikin waɗannan ukun.

Ni da ƙanena muka je Maldibs, ƙasar tsibirai da ke tekun Indiya, mako guda. Na zauna na tsara komai a takarda ina jin kaina gwani, don ina da katin shaidar nutso tun wata tafiya da na yi can baya. Tsarina shi ne a shiga ruwa kullum har ranar ƙarshe, a fito da hantsi, a yi wanka, a kama jirgin dare. Da muka isa na miƙa wa malamar da ke kula da masu nutso takardar. Ko zama ba ta yi ba, ta zaro biro ta soke ranar ƙarshe ɗungurungum, ta haɗa da nutson yammacin ranar da ke gabanta. Na ce mata ai na riga na biya. Ta ce ko ninki biyu na biya ba za ta sa ni a kwale-kwalenta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara zargin dabara ce ta cin kuɗin baƙo.

Ashe abin da aka taɓa koya mini ne na shashantar. Iskar da ke cikin tukunyar nan ba wata ta daban ba ce, iskar da muke shaƙa ce aka danƙara, kuma kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne. A ƙarƙashin ruwa, duk mita 10 da mutum ya sauka, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya da ke kanmu a tudu. A mita 20 ke nan ya zama ninki uku. Wannan matsin shi ke tura naitirojin cikin jini da tsoka, ya narke ya zauna. Idan an hau a hankali, sai ya riƙa fita ta numfashi ba tare da an ji komai ba. Idan kuwa matsin ya sauka farat ɗaya, sai ya tashi kumfa a cikin jiki, kamar an girgiza kwalbar lemo an buɗe. Daga nan sai ciwon gaɓoɓi, jiri, mutuwar sashen jiki, wani lokaci har shanyewa. Shi ya sa ake tsayawa minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito. To cikin jirgin sama matsin iska bai kai na ƙasa ba, kamar mutum yana kan dutse mai tsawon mita 2,000 da wani abu ne, don haka sauran naitirojin da ke jiki zai iya tashi kumfa. Ƙa'idar da ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ke yaɗawa ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 idan an yi nutso da yawa ko an jera kwanaki ana yi. Malamarmu cewa ta yi ita awa 24 ta sani, ba ta ciniki.

Don haka nake cewa, Edita, duk mai shirin wannan hutu ya fara rubuta lokacin tashin jirginsa na komawa, ya ja baya da kwana guda cur, sannan ya ƙirga abin da ya rage masa. Mako guda da na ɗauka kwana bakwai ne a ruwa, da aka cire ranar isowa da ranar jira sai ga shi biyar.

Cikin biyar ɗin ma ƙanena ya yi asarar biyu. Shi sabon shiga ne, sai aka ba shi takardar tambayoyin lafiya ya cike. An tambayi asma, ciwon zuciya, ciwon suga, farfaɗiya, tiyatar kunne da sauransu. Yaro mai gaskiya, ya sa “e” a wajen asma saboda ya yi fama da ita yana ƙarami. Shi ke nan, aka ce sai likita ya duba shi ya sa hannu. Tsibirin da muke babu likitan da zai yi wannan, sai da muka bi jirgin ruwa zuwa wani, muka kwana muna jira. Takardar nan tana nan a intanet, da mun sauke ta tun muna gida da an gama cikin awa guda. Na so in ce masa da ya yi shiru, amma da na tuna iskar tukunya busasshiya ce mai sanyi, irin wadda ke tayar da asma, kuma a ƙarƙashin ruwa ba a cire bututu a nemi magani, sai na ja bakina. Mai juna biyu ma ba a yarda ta yi nutso ba sam.

Karatun farko, irin na ƙungiyoyin koyar da nutso PADI ko SSI, yakan ci kwana uku zuwa huɗu. Akwai na littafi, akwai na ruwa marar zurfi, sannan nutso huɗu a teku. Na littafin ana iya gama shi ta waya kafin a taso, kuma wanda bai yi haka ba zai zauna a ɗaki yana haddar darasi, teku na kallonsa ta taga. Sai an yi iyo na mita 200 ba tsayawa, an kuma yi minti 10 a saman ruwa ba a riƙe da komai ba. Wanda bai iya iyo ba kada ya ce zai koya a can. Katin farko iyakarsa mita 18, na gaba mita 30. Wannan ya shafi zaɓen wuri, domin wasu wuraren da ake yi wa talla sun fi ƙarfin mai katin farko, ko saboda zurfi ko saboda igiyar ruwa mai ja.

Ni kuma mura ce ta kama ni, ina jin sanyin cikin jirgi ne. Abin da a tudu ba zai hana ni fita aiki ba, a ruwa ya zaunar da ni wuni guda. Idan ana sauka dole a riƙa toshe hanci ana hura iska a hankali don kunne ya daidaita, hanci a toshe kuwa iskar ba ta wucewa. Na gwada, ban kai mita 3 ba na ji kamar ana soka mini allura a dodon kunne. Na hakura na koma kwale-kwale ina kallon kumfar mutane.

Sai batun lokaci. Wanda ya sayar mana da tikiti ya ce ai tsibiri kullum rani ne. Ba haka ba ne. A Maldibs daga Disamba zuwa Afrilu ne sararin sama ke washewa, daga Mayu zuwa Nuwamba iskar kudu maso yamma ke kawo ruwa da tashin teku. Amma kuma a wannan lokacin ne kifayen manta masu faffaɗan fiffike ke taruwa a gaɓar Hanifaru, inda ba a yarda a shiga da tukunya ba, sai dai a yi iyo a sama da tabarau da ɗan bututu. A Zanzibar ruwan sama mai yawa daga Maris zuwa Mayu yake. A Sipadan ta Malesiya ba a kwana a tsibirin, kuma mutanen da ake bari su shiga ruwansa a rana ƙidayayyu ne, sai da takardar izini. Mutum ya san abin da yake son gani tukuna, shi zai nuna masa wata da wuri.

Kafin a tura wa masu shagon nutso ko sisi, a tambaye su: ina ɗakin matsin iska mafi kusa da ake jinyar wanda kumfa ta kama, kuma awa nawa ne zuwa can? Akwai tukunyar oksijin a kwale-kwale? Mutum nawa jagora ɗaya ke ja? Wanda ya fara kame-kame a nan, a nemi wani. A karanta takardar inshora da kyau, domin da yawa ba sa biyan haɗarin nutso, ko su yanke wani zurfi da ba sa wucewa, ga shi ɗauko marar lafiya daga tsibiri ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Kada a ce na zo sa wa mutane tsoro. Ranar da kunnena ya buɗe, ƙanena kuma ya samu sa hannun likita, mun sauka tare zuwa mita 12. Ba ka jin komai sai numfashinka da ƙas-ƙas ɗin kifaye suna gwaguyar murjani. Murjanin nan dabba ce mai rai, ba dutse ba, shi ya sa ake hana taɓawa ko takawa. Jan wandon ƙanena ya koma wani toka-toka, don ja ne launin da ruwa ke fara haɗiyewa. Kunkuru ya zo ya wuce ta gefenmu ko kallo ba mu ishe shi ba. Ƙanena ya ruɗe don murna har ya ɗaga babban yatsa, wanda a can ma'anarsa “mu hau sama”, sai ga malama ta taso da sauri tana duba ma'aunin iskarsa. Ranar ƙarshe kuwa a bakin teku muka yi ta, kaya a ɗaure, muna shanya tabarau, shi yana ta lissafin watan da za mu koma.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naka,
Wani mai karatu