Gajimaren Oriyon ba ci da wuta yake yi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina godiya da shafin kimiyya da kuke ware mana, Allah ya ƙara basira. Gyara ɗaya nake roƙo. A bayanin da kuka sa ƙarƙashin hoton gajimaren Oriyon, wato tarin iskar gas da ƙura da ke can sararin samaniya cikin rukunin taurarin da ake kira Oriyon, kun ce iskar gas ce ke ci da wuta a kewayen taurari. Ni malamin fiziks ne a sakandare, kuma washegari wata ɗaliba ta tare ni: "Malam, in gas ne irin na girki, wa ya ƙyasta masa ashana?" Tambayarta na kan hanya, kalmar ce ta ɓatar da ita.

Babu abin da ke ƙonewa a can. Yawancin iskar haidurojin ce. A tsakiyarta akwai manyan taurari huɗu da ake kira Trapezium, kuma zafin fuskar babbansu ya kusa digiri 40,000, alhali na ranarmu bai kai 6,000 ba. Irin wannan tauraro yana fesa wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, shi ke fizge ilektaron, wato ɗan mitsitsin abu mai cajin lantarki, daga jikin ƙwayar haidurojin. Duk sanda ilektaron ya koma mazauninsa sai ya saki haske, jan nan da ya cika hoton naku. Zafin iskar ya kai kusan digiri 10,000, amma sirantarta abin mamaki ce: a wurin da bai fi ƙwayar sukarin kwali ɗaya girma ba, ƙwayoyi 'yan dubbai ne kawai, inda iskar da muke shaƙa ke da biliyoyin biliyoyi.

Wannan sirantar ce ta rikita masana shekara da shekaru, kuma nan ne labarin ya fi daɗi. A 1864 William Huggins na Ingila ya ga wani koren haske a cikin wani gajimare irin wannan, hasken da bai dace da kowane sinadari da aka sani ba, har aka raɗa wa baƙon sinadarin suna nebulium. Sai a 1927 Ira Bowen na Amurka ya nuna ashe oksijin ne da ya rasa ilektaron biyu, wanda ba ya ba da wannan launi sai inda ƙwayoyi ba sa yawan gogayya da juna. Shekara 63 ana neman abin da muke shaƙa kullum!

In za ku yi gyaran, don Allah ku faɗa wa masu karatu cewa da idonsu ma za su gan shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, a daren da ƙurar hunturu ta lafa, a dubi kudu da taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar rukunin Oriyon. Akwai wani ɗan fari-fari kamar hazo. Hasken nan ya baro can fiye da shekara 1,300 da suka wuce. Ɗalibata ta ce ita da ƙannenta za su fita tsakar gida su nema, kuma ina so ta ga gyaran a shafinku kafin lokacin.

Wassalam,
Wani malamin fiziks daga Katsina