Annoba daga bakin daji take shigowa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da nake yawan ji, wai korona ta ba duniya hutu, iska ta washe a lokacin kulle.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A watan Afrilun 2020 mutanen Jalandhar a Indiya sun hango tsaunukan Himalaya daga rufin gidajensu, bayan shekaru hayaƙi yana tare musu gani. Hayaƙin da ke ɗumama duniya ya ragu da kusan kashi 5 cikin 100 a wannan shekara. To, 2021 na kamawa ya koma kusan inda yake. Hutun dole ne, kuma mai fita neman na yau da gobe shi ya ji jiki, ba masu jiragen sama ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar da cuta ke bi ta shigo. Masana sun ce kusan uku cikin huɗu na sababbin cututtukan da ke kama ɗan Adam daga dabbobi suke tsallakowa. A Malesiya, an dasa itatuwa masu 'ya'ya dab da garken aladu. Jemagu suka riƙa zuwa ci, suna yar da ragowar a ƙasa, aladu suka cinye, cutar Nipah ta kama masu kiwon tsakanin 1998 da 1999. Fiye da mutum 100 suka rasu, aka hallaka aladu sama da miliyan ɗaya. Jemage bai canza halinsa ba tun fil azal, mu ne muka matsa har gindin bishiyarsa. Ebolar da ta ɓarke a ƙauyen Meliandou na Gini a ƙarshen 2013, ta ci rayuka fiye da 11,000, ita ma jemagu ake zargi.

Kullum sai gawa ta fara faɗuwa ake neman allurar rigakafi, ana kashe biliyoyi. Mai sarar daji kuwa ba mai ce masa uffan.

Roƙona, Malam Edita, duk ranar da za ku kawo labarin sare dazuzzuka ko cinikin naman daji, ku tura wakilinku na lafiya tare da na muhalli, su tambayi hukumomi wa ke duba lafiyar mutanen da ke zaune a bakin dajin.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatu