Barka da Sallah daga Tokyo, da amsar tambayar Baba

Assalamu alaikum Baba,

Barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. A gaida Inna da Goggo da duk yaran gida.

Kwanaki kun tambaye ni yadda ake yi da Musulmi idan ajali ya riske shi a Japan. Amsar ba ta fita sai an bi ta kan maƙabartar Tama, wadda ke Fuchu, yamma da tsakiyar Tokyo.

A 1873 gwamnati ta hana ƙona gawa. Ba a je ko'ina ba wuri ya yi ƙaranci a birni, aka janye dokar a 1875. Maƙabartun da hukuma ta buɗe a lokacin, irin su Aoyama da Yanaka, suka cika, sai aka fita bayan gari aka buɗe Tama a 1923. Ita ce ta farko a ƙasar da aka tsara kamar lambu, da tituna masu faɗi da itatuwa. Da farko mutane sun guje ta saboda nisa, sai da aka binne babban hafsan sojan ruwan Japan mai suna Togo a 1934 kowa ya so nasa ya kwanta a can. Yau faɗinta hekta 128. Tun 1963 ba a yanka sabon fili, sai wanda aka mayar wa hukuma, shi ma ƙuri'a ake yi.

Kabarinsu ba irin namu ba ne. Na iyali ne gaba ɗaya: dutse a sama, ɗan ɗaki a ƙarƙashinsa, ana jera tukwanen ƙasusuwan da aka tsince bayan ƙonawa. Kuma ba sayen filin ake yi ba, izinin amfani ake biya, da kuɗin kula duk shekara. In aka yi shekara biyar ba a biya ba, hukuma na iya soke izinin. Sai a kafa allon sanarwa a kan kabarin har shekara guda. In ba magajin da ya fito, a kwashe ƙasusuwan zuwa kabarin gayya.

A sashen baƙi akwai Musulmi, yawanci 'yan ƙabilar Tatar da suka baro Rasha. Cikinsu har da Shehu Abdurrashid Ibrahim, limamin masallacin Tokyo, wanda ya rasu a 1944. Sun samu wurin tun da sauran fili.

Yanzu sama da kashi 99 cikin ɗari na mamata ƙona su ake yi. Dokar ƙasa ba ta haramta binnewa ba, amma da dama daga cikin ƙananan hukumomi da masu maƙabartu ba sa yarda, don haka daga Tokyo sai a ɗauki gawa a mota zuwa jihohin maƙwabta, kamar yankin Enzan a jihar Yamanashi, inda Musulmi ke da fili a gefen wurin bautar 'yan Buddha.

Gaggawar da muka saba da ita ma ba ta yiwuwa, Baba. Doka ta ce sai an cika awa 24 da rasuwa. Likita ya ba da takardar shaida, a kai ofishin ƙaramar hukuma cikin kwana bakwai, su ba da takardar izini. A nan ake yawan tuntuɓe: ma'aikacin ya saba rubuta izinin ƙonawa, in ba a faɗa masa ƙarara binnewa za a yi ba, takardar da zai miƙo ba ta da amfani a maƙabarta, sai an koma. Kafin nan ana sanya wa mamaci busasshiyar ƙanƙara. Wanda ya rasu ba wanda ya san shi kuwa, hukuma ce ke ɗaukar nauyinsa, bisa al'adarsu ta ƙonawa. Shi ya sa ake son kowa masallaci ya san shi, kuma ya riƙa yawo da lambar wayar masallacin a aljihu.

Na tura ɗan goron Sallah ta hannun Yaya, a cire na Goggo daban. A sa mu a addu'a.

Ɗanku,
daga Tokyo