Gidan Cragside: wakilinku ya manta da ruwan

Assalamu alaikum Edita,

Na saurari shirinku na makon jiya kan manyan gidajen karkara na zamanin Sarauniya Victoria, kuma na ji daɗi da kuka taɓo Cragside, don daga inda nake zaune a Newcastle tafiyar kamar awa guda ce a mota. Sai dai wakilinku a waje ya tsaya. Ya yabi dogayen bututun hayaƙi da rufin nan mai tsini-tsini, ya yi gaba abinsa, bai ce uffan ba kan ruwa, alhali ruwan ne ya sa ake maganar gidan.

Mai gidan, William Armstrong, injiniya ne. A 1863 ya gina ɗan masaukin hutu a jikin dutse kusa da garin Rothbury, daga 1869 kuma mai zanen gine-gine Richard Norman Shaw ya yi ta faɗaɗa shi shekara da shekaru. Shi ya sa in ka shiga sai ka yi ta hawa da sauka, kamar gidan gado da kowa ya ƙara nasa ɗakin. Armstrong ya tare rafuka ya yi tafkuna a saman tudu, ruwan ya riƙa gangarowa yana juya inji. A 1878 aka kunna fitilar farko, a 1880 aka sa ƙwayayen lantarki da Joseph Swan ya ƙirƙiro. Gidan farko ke nan a duniya da ruwa ya ba shi wuta.

Ni kicin ne ya fi tsayar da ni. A zamanin Armstrong, ƙarfen gashin nama ruwa ke juya shi, lif ɗin da ake hawa da gawayi ma ruwa ke ɗaga shi. A babban falo akwai murhun dutsen marmara mai nauyin tan 10, wanda mutum zai shige cikinsa ya zauna ba tare da ya sunkuya ba.

Bai kamata kuma a ɓoye wa masu sauraro inda kuɗin ya fito ba: igwa da jiragen yaƙi na masana'antar Armstrong da ke Elswick a Newcastle.

Don Allah in wakilinku ya sake zuwa, ya gangara bakin rafi. Tun 2014 National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi da ke kula da gidan, ta kafa wani inji a can, ruwa ya koma haska gidan.

Naku mai sauraro,
daga Newcastle, Ingila