Kafin a sauya motar gudu saboda filin tsere, a fara duba birki da nauyi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a wannan jarida mai farin jini mu tofa albarkacin bakinmu kan wata tambaya da masu sha'awar motocin gudu ke yawan yi. Mutum ya sayi mota, ya kai ta filin tsere a irin ranakun nan da ake buɗe wa kowa ƙofa ya gwada motarsa ba tare da gasa ba. Ya je sau biyu ko uku, sai ya ga wasu suna wuce shi kamar yana tsaye. Daga nan zuciya ta fara raya masa ya ƙara wa inji ƙarfi, ko ya sayar da motar ya sayo wadda ta fi ta. A ganinmu duka biyun gaggawa ce. Abin da ke kayar da motar titi a filin tsere zafi ne, kuma a birki yake fara nuna kansa, sannan taya, sannan baƙin mai.

Aikin birki shi ne ya mai da gudu zafi. Yawan zafin yana bin nauyin mota, amma ya fi bin gudu, domin idan gudu ya ninka sau biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa. A ɗauki mota mai nauyin kilo 1,500 da ta iso bakin kwana da gudun kilomita 200 a awa, za ta rage zuwa 80. A gefe ga wata mai kilo 1,050 da ta iso da 170, ita ma za ta koma 80. Zafin da ta farko za ta zuba wa birkinta ya ninka na ta biyun sau biyu har da 'yan kai. Haka za ta yi ta yi a kowane zagaye na tsawon minti 20. Wanda ya ƙara wa inji ƙarfi bai taɓa birki ba, wannan lissafin ya ƙara dagulawa.

Birki iri biyu yake mutuwa, kuma ya kamata direba ya bambance su da ƙafarsa. Idan takalmin birki ne ya wuce zafin da aka yi shi dominsa, feda tana nan da taurinta, kana takawa da ƙarfi amma mota na ci gaba da tafiya, ga ƙaurin ƙuna yana shigowa ta taga. Idan kuwa man birki ne ya tafasa, feda za ta yi laushi kamar soso, ta nutse har ƙasa, domin tururi yana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa. Na biyun ya fi haɗari, kuma shi ya fi sauƙin magani. Man birki yana shan danshin iska a hankali. A ƙa'ida, sabon man birki mai lambar daraja DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Selsiyas, amma da ya sha ruwa kusan kashi 3.7 cikin ɗari, digiri 155 kawai aka lamunce masa. DOT 3 kuwa daga 205 yake faɗowa 140. Akwai man tsere irin su Motul RBF 600 da Castrol SRF da ke haura digiri 300 suna sababbi. A zubar da tsohon gaba ɗaya, lita ɗaya tana isar yawancin motoci, a yi amfani da kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba, kuma kada man ya wuce wata shida a jikin mota. A kiyayi DOT 5. Na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran, kuma mutane kan rikita shi da DOT 5.1 wanda shi yana haɗuwa.

Takalmin birki na tsere yana son a koya masa faifansa kafin a shiga fili: a taka daga gudun 100 zuwa 20 sau takwas ko goma ba tare da tsayawa cak ba, sannan a yi tafiyar 'yan mintuna ya huce. Kada a fara yini da takalmin da ya cinye fiye da rabi, don siririn takalmi yana miƙa zafi kai tsaye zuwa ga mai. Faifai mai huje-huje yana da kyan gani, amma daga bakin hujin yake fara tsagewa. Bayan kowane fita a durƙusa a duba: ƙananan zane kamar gashi ba komai, amma tsagar da farce ke maƙalewa a ciki, ko wadda ta kai bakin faifai, ta gama aiki. Bututun da zai kwaso iska daga gaban mota ya hura tsakiyar faifai sau da yawa ya fi manyan birki masu tsada amfani. Zagayen ƙarshe a yi shi a hankali, kuma idan an tsaya kada a ja birkin hannu, a bar ta a giya.

Taya kuma iskarta ce abin lura. Tana iya ƙaruwa da awo shida zuwa takwas na psi idan ta ɗau zafi, don haka wanda ya shiga da awon titi zai ji motar na zamewa bayan zagaye huɗu ya ɗora wa taya laifi. A auna da zarar an fito, tun tana da zafi, a rage. Sai a dubi kafaɗarta ta waje. Idan ta cinye ta yi sumul alhali cikin yana nan da zanensa, motar na bukatar a karkato saman tayoyin gaba zuwa ciki, kamar digiri 2 zuwa 3. Wannan gyaran alaimen ne, ba ya cin kuɗin kirki, amma yana iya tsawaita ran taya sosai. Tayoyin da ke ɗauke da lambar cinyewa 200 a gefensu su ne daidai ga mai zuwa da motarsa ya koma da ita gida.

Muna jan kunnen masu saurin sayen taya marar zane ta tsere zalla. Riƙon da take yi a kwana yana tura baƙin mai gefe guda a cikin kwanon da ke ƙasan inji, famfo ya zuƙi iska na daƙiƙa biyu ko uku, metal, wato boris na cikin inji, ya bushe, inji ya buga. Fitilar mai da ke gaban direba ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa ƙwarai, lokacin aikin gama ya gama. Maganin shi ne kwano mai shinge a ciki, da cika mai zuwa alamar sama, da agogon matsi da na zafi na gaskiya. Idan zafin mai ya doshi digiri 135 zuwa 140, a sassauta, kuma motar na neman ƙaramin lagireton mai. Motoci irin Porsche 911 GT3 da Chevrolet Corvette C8 suna ajiye mansu a tanki daban ne saboda wannan matsala.

Sai an gama da waɗannan ake maganar shokazoba da sifirin. Ƙarin ƙarfin inji shi ne na ƙarshe, musamman ga mai turbo, don zafin da zai haifar zai sa kwamfutar motar ta janye ƙarfin da kanta bayan 'yan zagaye.

To yaushe sauya motar ya zama daidai? Idan matsalar tana cikin ƙashinta. Nauyi ba ya gyaruwa: cire kujerun baya da kafet ba zai mai da mota mai kilo 1,800 ƙarama ba, kuma za ta ci gaba da cin taya da birki kamar wuta. Haka giya mai sarrafa kanta da ke zafi ta ƙi canzawa, ko bodin da tsatsa ta ci wurin da ƙafafu ke ɗaure, ko motar da kayanta ke wuyar samu. Kuma sauyin ba dole ya zama zuwa sama ba. Mazda MX-5, wadda ake ƙerawa tun 1989, ta cika filayen tsere ne don nauyinta bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba. Lotus Elise ta farko, ta 1996, kilo 725 ce ko kusa da haka. Toyota GT86 ta 2012 da ƙanwarta GR86 suna tsakiya, Porsche Cayman na sama da su a gudu da kuma kashe kuɗi. A yi lissafin kuɗin yini guda, wato taya, takalmi, faifai, mai da fetur, a kwatanta tayar inci 16 ko 17 da ta inci 20. Mota mai faifan birki na seramik kuwa, da yawa daga masu zuwa fili suna cire shi su sa na ƙarfe saboda tsadar maye shi. A kuma tuna inshorar titi galibi ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere, sai an yi ta musamman. Motar da mutum ba zai iya jure ganin ta a jikin katanga ba, ba zai taɓa sakin jiki ya koyi tuƙi da ita ba.

Wanda ya yanke shawarar saye, motar da wani ya riga ya shirya ta fi arha, tunda kuɗin gyare-gyare ba ya dawowa wajen sayarwa. Sai dai a auna matsin kowace silinda, a girgiza kowace ƙafa a ji boris, a leƙa ƙasa a nemi tsaga ko sabon walda.

Kayan kariya tare suke tafiya. Bel mai madauri shida yana riƙe mutum a miƙe, saboda haka idan babu ƙarfen kariya mai tare rufi a bayansa kuma mota ta kife, rufi kansa zai samu. Madaurin kafaɗa ya tafi baya a miƙe ko ya sauka ƙasa da bai wuce digiri 20 ba, kuma a haɗa shi da abin riƙe wuya na HANS, wanda aka wajabta a gasar Formula 1 tun 2003. Idan ba za a sa duka ba, gara a bar bel ɗin kamfani da jakar iskarsa. A mota marar rufi, a ɗora sanda daga saman gilashin gaba zuwa saman ƙarfen kariya, hular kwano ta kasance ƙasa da sandar da kamar santimita 5.

Akwai gwaji mai sauƙi kafin a kira dillali. A sa na'urar auna lokaci a yi zagaye goma a jere. Idan lokutan suna tsalle da daƙiƙa biyu ko uku tsakaninsu, hannun direba bai zauna ba tukuna. Sannan a miƙa wa mai koyarwa na filin makulli ya yi zagaye uku da ita, da tayoyin nan da birkin nan, mai motar na zaune a gefe. Idan ya fi shi da daƙiƙa uku ko huɗu, kuɗin sabuwar mota ya tafi ga darasi da ƙarin ranakun fili. Idan tazarar ta gaza daƙiƙa ɗaya, kuma birki da mai suna jure minti 20 ba gardama, to a fara neman wata.

Mun gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu makanikai da masu koyar da tuƙin filin tsere