Arahar Walmart: wa ke biyan cikon kuɗin?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da aka daɗe ana yi a Amurka game da Walmart, kantin da Sam Walton ya buɗe a jihar Arkansas a 1962, wanda yau yake da ma'aikata kimanin miliyan 2.1 a duniya.

Masu kare kamfanin suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Talaka yana samun abinci da sutura cikin rahusa, wanda bai yi karatu mai zurfi ba yana samun aiki, kuma tun 2023 sabon ma'aikaci ba ya karɓar ƙasa da dala 14 a awa, alhali mafi ƙarancin albashi na gwamnatin tarayya ya tsaya a dala 7.25 tun 2009.

Sai dai ni a ganina, wannan araha akwai mai biyan cikonta. A 2020 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya gano cewa, a jihohin da ya duba, Walmart na sahun gaba cikin kamfanonin da ma'aikatansu suka dogara da tallafin abinci da na magani na gwamnati. Wato mutum yana aiki, amma guminsa bai isa ya ciyar da iyalinsa ba sai an haɗa da kuɗin haraji, kuma mai sayayyar da ke murna da sauƙin farashi yana cikin masu biyan wannan haraji.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kamfanin ke yi da ƙungiyar ƙwadago. A shekarar 2000 masu yankan nama a wani reshensa da ke Jacksonville ta jihar Texas suka zaɓi shiga ƙungiya. Ba a jima ba kamfanin ya sanar da daina yankan nama a rassa 180, ya koma sayar da wanda aka riga aka ƙunshe. A Jonquière ta Kanada kuwa, reshen gaba ɗaya aka rufe a 2005 bayan ma'aikata sun kafa ƙungiya, har kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a 2014 cewa an saɓa wa dokar ƙwadago ta lardin Quebec, lokacin da waɗanda abin ya shafa suka riga suka yi shekara tara da rasa aikinsu.

Ƙarin albashin da kamfani ya yi don ganin damarsa, yana iya daskarar da shi ranar da ya ga dama, domin babu yarjejeniyar da ta ɗaure shi. Saboda haka ba zan yarda cewa tsarin Walmart yana amfanar ma'aikata ba, sai ranar da mai jera kaya a kanta zai zauna da shugabanninsa su yi ciniki kan albashi da lokutan aiki, ba tare da fargabar a rufe reshensa ba.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Zariya